Hannun Wanzamin Gidanmu

Ni na karya hannun wanzamin gidanmu, hannun dama, wanda yake riƙe aska da shi. Na fara da wannan ne don kada a yi nisa wani ya soma tausaya mini, don na lura in ina ba da labarin nan bakina yakan karkata wajena, in yi ta jero dalilai har mai saurare ya ce ai kowa ma haka zai yi. Ba kowa ne zai yi haka ba. Dattijo ne sa'an mahaifina, shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, kuma ban da askar nan ba shi da wani abin dogaro sai 'yar gonar da hatsinta ba ya kai shi bazara.

Tun ina ƙarami aka san ni da zuciya a ƙauyenmu, nan kusa da Mai'adua. In raina ya ɓaci sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, harshena ya yi nauyi, abin da ke hannuna kuwa, kwano ne ko fartanya, sai dai a tsinto shi a wani wuri. Inna takan ce, "Ku rabu da shi, haka Allah ya yi shi." Wallahi maganar nan ta yi mini daɗi, na girma ina ɗauke da ita kamar laya. Baba wanzam shi kaɗai ne ba ya shakkata. Sarkin zuciya yake kirana, ko a gaban waye, kuma duk sanda na zauna aski sai ya nuna wa mutane wani tabo a damtsensa ya ce ni na cije shi ranar kaciya. Ban sani ba ko gaskiya ne, wanzamai akwai ƙarin gishiri.

A garinmu akwai dokar da kowa ya tashi ya tarar. Ruwa na sauka, shuka na tsirowa, mai gari zai sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar, duk akuyar da aka kama a gonar wani gidan mai gari za a kai ta, mai ita ya je ya yi bayani. Haka za su zauna a turke damina guda suna damun mutane da kuka, har a yanke gero, a girbe dawa, a rore wake. Sannan a sake wata shelar: an ba da kwana uku, mai sauran kaya a gona ya kwashe, rana ta huɗu za a saki dabbobi. In ranar ta zo shi ke nan, gona ta zama ta kowa. Abin da akuya ta ci maka bayan nan sakacinka ne, ba ka da wanda za ka kai ƙara.

Shekarar da abin ya faru wakena ya yi kyau, ba 'ya'yan kaɗai ba, har ganyen. Na yanke harawa na naɗe ta ɗauri-ɗauri, na jera a gindin gawon da ke tsakiyar gonar, da nufin in ta ƙara shan iska in ɗora ta bisa yadda muke yi, inda bakin dabba ba ya kaiwa. Raguna biyu nake turkawa, da ita na dogara. Sai tafiya ta kama ni zuwa Kongolam wajen wani cinikin hatsi da na zaci na wuni ɗaya ne, ya zama na kwana huɗu. Ranar da na tafi, da yamma, aka yi shelar. Matata ta ji, tana da waya, ina da waya, ba ta kira ni ba. Daga baya da na tambaye ta sai ta ce, "Malam, ran da na kira ka kana kasuwa, ka manta abin da ka ce mini?" Ban manta ba. Cewa na yi in ba mutuwa aka yi ba kada ta kuskura ta sake kirana ina tsakiyar ciniki, na haɗa mata da wata kalma da ba zan maimaita ba.

Da hantsi na dawo a kan babur, cinikin bai yi daɗi ba, ko karyawa ban yi ba. Hanyar gida ta gefen gonata ta bi. Tun daga nesa na hango awaki sun yi dandazo a gindin gawo, sun warware ɗaurin, wasu ci suke, wasu tattakewa kawai suke don mugunta. A tsakiyarsu ga Baba wanzam da ɗaurin harawa a ka, ga jar akuyarsa mai yankakken kunne, wadda duk garin aka sani, ta tura kai cikin harawata har wuya. Ni ban san an yi shela ba. Abin da na gani shi ne an sakar mini dabbobi a gona ana cikin doka, mai su kuma yana ɗibar mini kaya ido na ganin ido.

Da na iso sai ya yi dariya, irin dariyarsa ta kullum, ya ce, "Sarkin zuciya, sai yanzu? Ai saura kaɗan ka tarar da ƙasa zalla." Akwai gwafa jingine a jikin gawon, doguwar sandar nan mai baki biyu da ake tura kaya bisa da ita. Na fizge ta na kai masa duka. Ya yar da ɗaurin ya tare kansa da hannu, na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ya zube a rairayi yana cewa, "Tsaya, ɗana, tsaya!" Na ji shi sarai. Na ƙara masa na biyu a hannun dai, kusa da wuyan hannu.

Sai da na ɗaga gwafar karo na uku idona ya kai bisa. Ɗauri shida na gani a jere a kan rassan gawon, an ɗora su tsaf, kuma ba ni na ɗora ba. Zabirarsa, jakar fatar da yake zuba askake a ciki, tana rataye a wani reshe. Ashe daga wani suna ya fito a ƙauyen gaba, ya ga awaki sun far wa harawata, ya rataye kayan aikinsa, ya ari gwafa a gonar maƙwabci, shi kaɗai yana kora yana ɗorawa. Inna lillahi! Gwafar ta suɓuce daga hannuna. Shi kuwa yana zaune rungume da hannun, gumi na tsiyaya daga gemunsa, bai zage ni ba, bai ma dube ni ba. Ya ce, "Yau aka sake su. Sauko mini da zabirata."

Ni na goya shi a babur zuwa wajen maɗori, yana jingine a bayana, duk ramin da na faɗa ina jin yana haɗiye ihu. Karaya biyu ce. Aka ja, aka gyara, aka ɗaure da kara. Da aka kwana biyu hannun ya kumbura, yatsun suka ƙi motsi, sai muka ɗauke shi zuwa asibiti a Daura. Likitan ya ce ƙashi zai haɗe, wannan ba abin damuwa ba ne, amma dukan da ya samu wuyan hannu ya taɓa jijiya, babban yatsa da manuni sai dai a jira a ga abin da Allah zai yi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji maganar. Yatsu biyun nan su ne ke riƙe aska, kuma dukan da ya taɓa su shi ne na biyun, wanda na yi bayan ya ce in tsaya.

Bayan mako guda aka zauna a zauren mai gari. 'Ya'yan ƙanensa biyu, magidanta ne, sun zo daga Daura a fusace, sun rantse sai an kai ni wajen 'yan sanda, sai na ga ɗaki mai duhu. Gaskiyarsu ce, ban iya ko ɗaga kai na dube su ba. Sai dattawa suka soma. Wannan ya ce zuciya ce, wancan ya ce sharrin Shaiɗan ne, wani ya ce in ido ya rufe mutum ba ya sanin uwarsa ma. Liman ya yi nasiha a kan mai fushi ya zauna in yana tsaye, ya nemi ruwa ya yi alwala, amma shi ma ya ƙare da cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a yi masa hukuncin mai hankali. Mai gari ya juya wajen Baba wanzam, yana zaune da hannu rataye a wuya, ya ce maganar tasa ce.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan a hannuna ya tashi. Na san ciwonsa tun yana tsumma. Lokacin da ya ɗauki sandar nan ba ya cikin hayyacinsa, ko ni ne ko kututture bai sani ba. Na yafe, kuma ban yarda kowa ya kai maganar nan gaba ba."

'Ya'yan ƙanen nasa suka tashi suka fita ba sallama. Ni kuwa na durƙusa ina godiya, ina hawaye, ana ta shafa mini baya ana cewa in dinga haƙuri. Kuma bari in faɗi abin kunya: daɗi na ji. Hawayen nan rabinsu na murna ne, na kuɓuta. Na karɓi maganar gushewar hankalin nan hannu bibbiyu na tafi da ita gida, har na ci tuwo ranar na ƙoshi.

Amma maganar ba ta zauna mini ba. Abin da ya fara tsinka ta wani abu ne da ya faru a Kongolam ɗin nan, kwana biyu kacal kafin in daki Baba. Wani babban ɗan kasuwa da nake kai wa hatsi ya tsaya a gaban jama'a ya wanke ni tas, ya kira ni ɓarawon mudu, har ya ambaci uwata. Kunnuwana sun yi zafi, harshena ya yi nauyi, duk alamun sun zo. Ga ƙarfen awo a kusa da ƙafata. Me na yi? Na rusuna na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji." To ina zuciyar ta tafi ranar? Ta je kiwo ne? Na zauna na yi ta tuno waɗanda na taɓa ɗaga wa hannu ko murya tun tasowata: ƙannena, matata, masu yi mini ƙodago, dabbobi, sai wannan tsoho. Babu mai kuɗi ko ɗaya a ciki, babu mai kaki, babu ƙaton da zai iya tattaka ni. Ashe zuciyar da ake cewa tana rufe mini ido ta fi ni gani, ta san wanda za ta taɓa ta kwana lafiya.

Sanyi ya shigo, lokacin da ake yi wa yara kaciya, lokacin da wanzami ke samun na shekara. An kwance ɗori, ƙashi ya haɗe kamar yadda aka ce, yatsun nan biyu dai suna nan a sandare. Wani wanzami daga ƙauyen gaba ya soma shigowa garin, ya yi kaciya, ya yi ƙaho, ya yi askin suna. Mutane suka koma bi ta bayan masallaci don kada su wuce ta ƙofar Baba da sabon aski a ka. Shi kuwa kullum yana kan tabarma a ƙofar gida da lemon tsami a tafin hannu yana matsawa, don likita ya ce ya dinga yi. Nakan kai masa gero, in kai itace, ya karɓa ya sa albarka. Inna ma kullum sai ta aika da tuwo, kuma tun daga ranar ban sake jin ta ce haka Allah ya yi ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya daina ce mini sarkin zuciya. Malam ya koma kirana, cikin ladabi, kamar wani baƙo.

Da bazara matata ta haihu, namiji. A gidanmu tun kakana ba a taɓa kiran wani wanzami ba sai na gidansu Baba, kuma duk garin an zuba ido a ga wa zai yi askin sunan. Inna ta ce ita ba ruwanta, ni na ɓata, ni zan san yadda zan yi. Na rasa ta inda zan ɓullo. In na kira shi, hannun fa? Kan jariri ne, ga maɗiga tana motsi. In na kira wani, na ƙarasa binne shi da raina. Kwana uku da haihuwar ina wucewa da safe sai ya yafuto ni.

Ya ce, "Malam, zo ka ara mini kanka. Ba zan ɗora aska a kan jariri ba sai na gwada ta a kan da ya yi ƙwari. Naka kuwa na san taurinsa."

Na cire hula na zauna a gabansa. Ya jiƙa mini kai da ruwa da sabulu, ya wasa askar a jikin fata da hannun hagu, sannan ya cusa ta tsakanin yatsun dama, ya danne da na tsakiya tunda manuni ya ƙi lanƙwasa. Ya yi bismilla. Jan farko ya tafi lafiya, na biyu ma haka, har na ji zuciyata ta soma buɗewa. A na uku na ji askar tana karkarwa a kan fatata, sai zafi, sai ɗumin jini yana bin bayan kunnena. Ya goge ya ci gaba. Ya sake yankana. Ina jin numfashinsa a ƙeyata yana fita da ƙyar, kamar mai ɗaukar buhu. Na ce, "Baba, ci gaba, wallahi ko a jikina." Ya yi wani ja ɗaya, askar ta kuɓuce ta faɗi a kan tabarma tsakanin ƙafafuna. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

A nan ne na kasa riƙe abin da nake ɓoyewa, wanda ko a wannan labarin na tsallake shi da na zo wurin. Ban juya ba, don ba zan iya kallonsa ba. Na ce, "Baba, abin da ka faɗa a gaban mai gari ba haka ba ne. Ina cikin hankalina. Da na tsaya a bakin gonar, rairayi ne wurin, na ga in na kafe babur zai nutse ya faɗi. Sai da na duba na samo wani faffaɗan dutse na sa a ƙarƙashin ƙarfen da ake kafe shi da shi, na girgiza shi na ga ya tsaya, na zare makulli na sa a aljihu. Sannan na taho wajenka. Babur na tausaya wa, Baba."

Ya ce, "Na gani."

Na juyo. Ya ce, "Ina kallonka da kaya a kaina. Har na ce a raina, yaron nan akwai tattalin abin hannunsa, ya gaji ubansa."

Na ce, "To don me ka ce musu ba na cikin hayyacina?"

Ya ce, "In an ɗaure ka, yatsun za su motsa ne? Uwarka na duba, da matarka da ciki. Na yi maka ƙarya a gaban manya da furfurata, kuma ban yi nadama ba. Amma tunda ka kawo maganar, to ka ji: can na ce zuciya ce, a nan ba zan ce ba. Kai ma kada ka sake ka faɗa wa kanka. Ka ga tsoho ne, ka daka."

Na fashe da kuka, ƙato da ni, a bakin hanya, mata masu zuwa rijiya suna kallo. Na ce ya yafe mini. Ya ce ai ya riga ya yafe tun a gindin gawo, yafiya ba ta da wuya, hannun ne dai ya tafi. Ya ɗaga shi yana dubawa, gaba da baya, ya ce shekara arba'in da wani abu bai taɓa fitar wa mutum jini a aski ba sai yau. Sannan ya sa hagu ya ɗauki askar, ya goge ta a gefen riga, ya naɗe ta a tsumma.

Ya ce, "Tashi ka je wajen wanzamin ƙauyen gaba tun rana ba ta yi zafi ba, ya ƙarasa maka kan nan. Ka gaya masa suna saura kwana huɗu, ya zo da wuri. Ka ce ni na aiko ka, kuma na ce daga yau gidanku nasa ne."

Na ce, "Baba, ko a ƙara jira, wataƙila zuwa kaka..."

Ya ce, "Jaririn zai jira kaka ne? Tashi."

Na ɗauki hulata, na ga ba za ta sawu a kan sabulu da jini ba, na riƙe ta a hannu. Haka na ratsa garin, rabin kai a aske rabi da gashi, duk wanda na gamu da shi sai ya buɗe baki zai yi dariya, in ya ga daga inda na fito sai ya kau da kai. Ranar suna Baba bai zo ba. Ya aiko a ce yana yi mana barka, Allah ya raya, kuma kason naman da ake ba wanzami a miƙa wa wanda ya yi aikin.